Tsakuwar Jikar Waziri

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ƙofofi goma sha biyu, can gefen hamada, inda rijiya ta fi doki daraja. Sarkin nan ba azzalumi ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa guda ne: son daidaito ya yi masa katutu. In an kawo masa goro biyu ɗaya ya fi ɗaya girma, ba ya iya ci. In fadawa suka zauna bakwai a dama takwas a hagu, ba ya sauraron ƙara sai an tashi ɗaya ko an kirawo ɗaya. Talakawa na yabonsa da adalci, shi kuwa ya ɗauka adalci da daidaita sahu abu guda ne, kuma ba a sami mai ƙarfin halin da zai ce masa ba haka ba ne.

Wazirinsa wani dattijo ne mai suna Zubairu, mutum mai sanyin hali, mai kunya kamar surukin jiya. Shekara talatin yana fada, bai taɓa ce wa sarki a'a ba, sai dai ya ce a sake dubawa.

Ana nan sai ruwa ya ƙi sauka damina biyu a jere. Gero ya bushe a tsaye, mata suka koma tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya. Rumbunan sarki kuwa cike suke maƙil, don haka kowa ya zuba wa fada ido. To, sarki yana tune da wata yunwa ta zamanin mahaifinsa, da aka raba hatsi a ƙofofi ba tare da an ƙidaya jama'a ba, wata ƙofa mutane suka fi hatsi yawa, aka yi turmutsitsi har aka rasa rayuka. Saboda haka ran wata Juma'a, bayan an idar da salla, ya miƙe gaban jama'a ya yi rantsuwa. Ya ce, "Wallahi ba za a buɗe rumbu ko ɗaya ba sai an ƙidaya duk mai rai da ke cikin ganuwa, an kasa su kashi-kashi daidai wa daida, ba kashin da ya ɗara wani ko da mutum guda, kowane kashi da wurin da zai karɓi abincinsa." Jama'a suka yi ta kabbara, ba wanda ya hango abin da ke tafe.

Mutanen garin nan ba sa ƙidaya ɗan Adam da yatsa, sun ce yana kore albarka. Sai dai kowane magidanci ya zo ƙofar fada ya jefa tsakuwa guda a madadin kowane rai na gidansa. Tsakuwa goma a ɗaure ta ƙulli, ƙulli goma a zuba a jaka, jaka goma a ɗure a buhu. Kwana uku ana wannan aiki, waziri na tsaye a kai. Da yake mai rabo ba ya farawa da gidansa, sai da kowa ya gama sannan ya jefa tsakuwoyin iyalinsa. Ya juya ke nan zai ce a rufe, sai ga wata tsohuwa daga gidansa ta taho tana rangaɗa guɗa. Hansatu, 'yarsa ta fari, wadda ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, an sami mace.

Waziri ya sunkuyar da kai don kunya, domin 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa. Amma jika ai abokiyar wasa ce. Ya duƙa ya tsinci wata 'yar tsakuwa fara, ya ajiye yana murmushi, ya ce, "Ga ta amaryata, kada a fara mata rowa tun yau." Fada ta ɗauki dariya, kowa ya gani da idonsa.

Da aka haɗa, sai aka sami buhu ashirin da bakwai, jaka bakwai, ƙulli biyu, da tsakuwa ɗaya tilo wadda ba ta sami ƙulli ba. Watau mutum dubu ashirin da bakwai da ɗari bakwai da ashirin da ɗaya.

Aka kirawo Malam Ƙasimu mai hisabi, wanda duk lissafin fada ke hannunsa, aka ce ya kasa su goma sha biyu, kowace ƙofa kashi guda. Ya buga ya buga a allonsa, ya ɗago ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saura ɗaya."

Sarki ya ce, "A rufe ƙofa ɗaya, a kasa sha ɗaya."

"Saura ɗaya, ya sarki."

"Goma fa?"

"Ɗaya."

Haka aka yi ta saukowa, tara, takwas, bakwai, har zuwa biyu, kowane rabo sai ɗayan nan ya tsaya a gefe yana kallon mutane. Sarki ya ce an yi kuskure, a sake. Aka kwance buhuna aka sake ƙirgawa, aka ɗaure, aka kuma kwancewa. Kwana biyar ana abu ɗaya. Malam Ƙasimu ya wanke allonsa har ya gaji da wankewa, rawaninsa ya karkace bai sani ba. Waziri kuwa kansa ya ɗaure tamau. Shi dai a saninsa abin da ya ƙi biyu yakan yarda da uku, wanda ya ƙi uku yakan yarda da biyar ko bakwai. Wane irin adadi ne wannan da zai ƙi kowa, kuma kullum da ɗaya tak? A waje kuwa mutane na zaune a rana da ƙorai wayam, ga hatsi suna jin ƙamshinsa, rantsuwa ta hana.

Ran kwana na shida sarki ya fusata. Ya ce, "Malam, ka faɗa mini abin da ke cikin adadin nan, ko aljani ne a ciki?"

Malam Ƙasimu ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, adadi iri biyu muka karanta, shafa'i mai rabuwa biyu, da wutiri mai barin ɗaya. Wannan wutiri ne, amma ban taɓa gamuwa da mai taurin kansa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maƙwabcinsa. In aka ɗebe ɗaya tak, abin da ya rage ba shi da na biyu wajen sauƙin hali. Yana rabuwa biyu, yana rabuwa uku, har zuwa goma sha biyu ba inda yake gardama. Kowace ƙofa sai ta sami dubu biyu da ɗari uku da goma cif."

Idon sarki ya yi haske. Ya ce, "Ashe garina cikakke ne, mutum guda ne ya yi masa yawa! Wane ne shi?"

Malam ba mugu ba ne, gajiya ce da tsoro suka yi magana da bakinsa. Ya ce, "Ai sai wanda tsakuwarsa ta shiga ƙarshe." Sai da maganar ta fita sannan ya tuna ko ta wace ce, ya kama bakinsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Sarki ya miƙa hannu ya ɗauki farar tsakuwar nan da ba ta da ƙulli, ya damƙe ta a tafinsa. Ya ce, "Gobe da hantsi a fitar da mai wannan tsakuwa bayan ganuwa, a buɗe rumbuna."

Waziri ya auna abin a ransa. Gari mafi kusa tafiyar kwana goma ne cikin rairayi, kuma ko da tsakuwar uwar na nan cikin lissafi, jinjira ba ta tafiya sai da uwarta, mai jego wadda ko wankan mako ba ta cika ba. Wannan ba kora ba ce, kabari ne. Ya faɗi ya ce, "Ya sarki, jinjira nono take sha, ba ta cin hatsi. A ɗauke tsakuwar, a bar ta."

Sarki ya ce, "Duk mai rai na ce, ban ce duk mai haƙori ba. So kake in yi wa Allah wayo?"

"To, ni a fitar da ni a madadinta. Na tsufa, na ci zamanina."

"Kai ba kai ne ƙarshe ba. In na musanya don jikar waziri ce, ina adalcin? Da 'yar mai tallan itace ce, da ka roƙa mata?"

Tambayar ta sami waziri a inda ba ya so. Ga kuma kunya, yaya zai tsaya gaban fada yana kuka a kan 'yar fari? Mutanenmu ke nan, rai na shirin fita ana lissafin abin da za a ce. Ya tashi ya yi sallama.

Bai iya shiga gida ba. Daga zaure yana jiyo mata na daka ɗan abin da ya rage don sunan gobe, suna wasa da dariya, labari bai kai musu ba tukuna. Sai ya tuna ya ba da saƙar majanyi a ɓoye, wanda za a riƙa goya jikar da shi. Ya ce a ransa, in ma tafiyar ce, ta tafi a ɗaure da abin kakanta. Ya juya ya nufi unguwar masaƙa, rana ta take tsaka.

Masaƙin wani tsoho ne ana ce masa Baidu, siriri kamar sillen kara, ga baki ba linzami. Waziri ya same shi gindin ceɗiya yana wadari, watau yana jan zare tsakanin turaku yana jera shi kafin a ɗora a masaƙa. Baidu ya gaishe shi, ya miƙo majanyi, ya dube shi da kyau ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba fuskar mai suna gobe ba ce. Ko amaryar ce ta ce ba ta son tsoho?"

Abin da waziri ya kasa yi a fada sai ya yi shi a gindin ceɗiya. Hawaye suka zubo masa, ya zauna a ƙasa ya kwashe labari duka ya faɗa.

Baidu ya saurara bai daina jan zarensa ba. Da waziri ya gama sai ya ce, "A nawa kuka tsaya?"

"Kamar yaya?"

"Kun kasa biyu, kun kasa uku. A nawa kuka tsaya?"

"A goma sha biyu."

"Don me?"

Waziri ya ce, "Ai ƙofofinmu ke nan."

Baidu ya ce, "Ina masallaci ran nan, a sahun baya. Kunnena ya yi nauyi, amma kashi na ji sarki ya ce, ban ji ƙofa ba. Ko kai ka ji?"

Waziri ya tuno ranar Juma'ar nan. Ya juya rantsuwar a ransa kalma bayan kalma, lalle babu ƙofa a ciki. To, wa ya sa ta? Ba kowa. Kawai da yake kakanni a ƙofa suke rabo, sai kowa ya tsaya inda ganuwa ta tsaya.

Baidu ya ci gaba, "Ni ban yi karatun hisabi ba, zare ne malamina. Mace takan kawo mini zare sili casa'in da ɗaya ta ce in yi mata ratsi daidai wa daida. In kasa biyu, saura ɗaya. Uku, saura ɗaya. Huɗu, biyar, shida, duk ya ƙi. Masaƙin banza a nan yake tsinke sili guda ya yar, ya ce casa'in ya fi daɗin aiki, ya cuci mai zare. Mai haƙuri kuwa sai ya matsa gaba kaɗan, ya tarar ratsi bakwai ne, kowane sili goma sha uku, ba ragowar ko gashi."

Waziri ya kama hannunsa ya ce, "Ashe namu ma yana rabuwa!"

"Ban sani ba."

"Kai, Baidu, don Allah!"

"Wallahi ban sani ba, ranka ya daɗe. Akwai adadin da ba ya rabuwa ko za ka mutu a kansa. Wataƙila naku irinsa ne. Abin da na sani kawai shi ne ba ku tambaye shi har ƙarshe ba."

Waziri ya koma gida ya fi da ruɗewa, ga ɗan haske ya gani, ga shi ba a ce masa fitila ce ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Da hantsi fada ta cika. An riga an ɗora Hansatu a kan jaki a ƙofar fada, jinjira a ƙirjinta, ko suna ba a raɗa mata ba. Dogari na riƙe da igiya yana kallon ƙasa. Waziri ya shigo da Baidu a bayansa, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a sake dubawa." Sarki ya dubi tsohon da ke sanye da 'yar shara mai ƙura, ya ce, "Kai ne za ka ga abin da malamina bai gani ba? To, faɗa mini, adadi iri nawa ne?"

Baidu ya ce, "Ya sarki, a wurin malamai biyu ne, a wurin masaƙa uku. Akwai mai sauƙin kai, duk wanda ya yi masa sallama sai ya fito, kamar wanda ke ragewa in an ɗebe ɗaya, da ka ƙwallafa rai a kansa. Akwai ƙi-rabo, kamar bakwai, kamar sha ɗaya, ba ya kasuwa sai dai ka bar shi dunƙule ko ka warware shi ɗai-ɗai. Na uku shi ne mai kunya. A fuska kamar ƙi-rabo yake, amma yana da mai raba shi, sai dai gidan da nisa."

Sarki ya ce, "Yaya ake gane mai kunya daga ƙi-rabo?"

"Ba a ganewa daga nesa, ya sarki. Sai an bi gida-gida ana sallama."

"Gida nawa kake so ka shiga?"

"Gidajen da yawa, amma na san haƙurin sarakuna. A ba ni uku: sha uku, sha bakwai, sha tara."

Malam Ƙasimu ya ɗago ya ce, "Ka tsallake sha huɗu, da sha biyar, da sha shida, da sha takwas."

Baidu ya ce, "Gafarta malam, duk abin da ya kasu sha huɗu ai ya kasu biyu, duk abin da ya kasu sha biyar ya kasu uku. Sha shida da sha takwas su ma 'ya'yan biyu ne. Wanda uwa ta hana shi shiga gida, 'ya ba ta buɗe masa." Malam ya gyaɗa kai, ya ji kunya.

Sarki ya ce, "Rantsuwata kashi ta ce, ba ta ce ƙofa ba, wannan gaskiya ne. Na ba ka uku. In suka ƙi, kai ma ka bi jakin."

"In na bi shi an ɗebe biyu ke nan, ya sarki, adadinka mai kyau ya sake lalacewa."

Wani bafade ya tuntsire da dariya ya mai da ita tari. Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "To, kurkuku a cikin ganuwa take. Fara."

Baidu ya sa aka shata da'ira goma sha uku a ƙasa. Bai taɓa allo ba. Ya ce a raba wa da'irori buhuna daidai, abin da ya rage a kwance shi ya zama jakunkuna a raba, ragowar jaka ta zama ƙulli, ragowar ƙulli ta zama tsakuwa. Dogarai suka yi ta kai da kawowa. Da aka zo ƙarshe sai ga tsakuwa huɗu a ƙasa ba su da wuri. Baidu ya ce, "Huɗu, da ta hannun sarki biyar. Wannan gida ba kowa."

Fada ta yi guna-guni. Aka tattara, aka shata goma sha bakwai. Wannan karon goma suka rage a ƙasa, da ta hannun sarki sha ɗaya. Sarki ya daka tsawa ya ce, "Kai tsoho, na kira ka ka rage mini ɗaya, ka mai da shi biyar, yanzu sha ɗaya! Gaba kake kai mu ko baya?" Waziri ya saci kallon Baidu. Shi kansa ya fara zaton ya kawo mahaukaci fada. In ragowa ƙaruwa take yi, ai sha tara sai ta fi muni. Daga waje ya jiyo jinjira ta fara kuka, rana ta soma dukanta.

Baidu ko a jikinsa. Ya ce, "Ragowa ba tsani ba ce, ya sarki, ba ta nuna kusa ko nesa. A shata sha tara."

Aka shata. Kowace da'ira ta sami buhu guda, saura takwas. Aka kwance su, da bakwai ɗin da ke nan suka zama jaka tamanin da bakwai, kowace ta sami huɗu, saura sha ɗaya. Aka kwance su suka haɗu da ƙulli biyun nan, ƙulli ɗari da goma sha biyu, kowace ta sami biyar, saura sha bakwai. Aka warware sha bakwai ɗin a tabarma, tsakuwa ɗari da saba'in.

Baidu ya karɓi aikin da hannunsa. Ya bi da'irori yana ajiye ɗaya-ɗaya, ya kewayo, ya sake kewayowa. Waziri na ƙoƙarin lissafawa a ransa, lissafi na tsere masa. Zagaye na takwas ya ƙare, tsakuwa ta yi kaɗan a tabarma. Aka shiga na tara. Ta farko ta samu, ta biyu ta samu, ta goma, ta sha biyar. Baidu ya ajiye a ta sha takwas, ya shafa tabarma, ba kome. Ya tsaya a kan ta sha tara hannu wayam.

Sarki ya ce, "Ta ƙi ke nan?"

Baidu ya ce, "Ya sarki, wannan karon ba ragowa muka samu ba, giɓi ne. Kashi goma sha takwas kowane yana da dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin da tara. Na sha tara ya gaza da mutum guda. In ba a samo shi ba, rantsuwarka ba ta cika."

Sarki ya buɗe tafinsa. Farar tsakuwar na nan, ta jiƙe da gumi, har ta yi masa shaida a fata don tsananin damƙa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauko daga karaga, ya taka da ƙafarsa har da'ira ta sha tara, ya duƙa ya ajiye ta. Malam Ƙasimu ya buga a allo don ya tabbatar, ya ɗago yana salati, ya ce sha tara sau dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin da tara, daidai ne, kuma ya gwada su biyun ya ga kowannensu ƙi-rabo ne, watau ba wata hanya da adadin nan ke kasuwa sai wannan. Waziri dai bai ji ƙarshen bayanin ba, ya kifa goshi a ƙasa yana kuka, ya manta da wata kunya.

Nan take sarki ya yi umarni a buɗe rumbuna, a yi rabo a ƙofofi goma sha biyu, a ƙara wurare bakwai a cikin gari. Amma bai koma karaga ba. Ya juyo ga masaƙi ya ce, "Saura tambaya ɗaya. Ka ce ba ka san zai rabu ba. Da ya zama ƙi-rabo ne fa, me za ka ce mini?"

Baidu ya ce, "A ba ni aminci?"

"Na ba ka."

"Da sai in ce ka karya rantsuwar, ya sarki. Malam na nan, ya fi ni sani: wanda ya rantse, ya ga abin da ya fi rantsuwarsa alheri, sai ya yi alherin ya yi kaffara. Kaffarar kuwa ciyar da miskinai goma ce. Kai ga dubu ashirin da bakwai a ƙofarka, kwana bakwai suna jiran ka ciyar da su. Abin da mudu goma zai biya, shi ka tashi biya da ran jinjira da uwarta."

Sarki ya dubi Malam Ƙasimu ya ce, "Haka ne?"

Malam ya ce, "Haka ne, ya sarki."

"Kai ma ka sani, waziri?"

"Na sani, Allah ya ba ka nasara."

"Me ya hana ku faɗa?"

Su biyun suka sunkuyar da kai, sarki ya gane tsoronsa ne ya hana su. Kunya ta rufe sarki har ya kasa haɗa ido da kowa. Ya ce, "Kaitona. Ashe na tara masu tsorona, ban tara masu gaya mini gaskiya ba."

Ya fita ƙofar fada ba laima ba 'yan rakiya, ya karɓi igiyar jakin daga hannun dogari. Hansatu ta rufe fuska, ba ta san an fasa ba. Sarki ya ce mata, "Ki yafe mini, 'yata, gida za mu." Ya ja jakin da kansa ta tsakiyar gari, waziri na biye, jama'a na darewa suna mamaki, har ƙofar gidan da liman ke zaune tun safe yana jiran ya raɗa suna.

A nan bakin zaure, kafin ya saki igiyar, sarki ya faɗi maganar da mutanen garin suka riƙe bayansa. Ya ce, "Ku shaida, ba a rage mutane don su yi daidai da ma'auni. Ma'auni ake ƙarawa har ya ishi mutane, adalci ke nan."